Gangaren tebur da batun kama da gaske a wasan finbol na kwamfuta

Da yawa daga cikin waɗanda suka san wasan finbol a ƙasar Hausa sun san shi ne ta fuskar kwamfuta, domin wasan nan mai suna 3D Pinball Space Cadet, wanda ya riƙa zuwa tare da Windows XP, ya shiga ofisoshi da shagunan intanet da cibiyoyin koyon kwamfuta tun kafin wayoyin zamani su yawaita. Abin da ke kan allon kwaikwayo ne na na'urar finbol ta zahiri, wadda cibiyar ƙera ta take a birnin Chicago na Amurka, inda kamfanoni irin su Gottlieb da Williams da Bally da Stern suka yi suna. Na'urar akwati ce ta katako mai ƙafafu huɗu, an rufe samanta da gilashi, a ciki kuma akwai farfajiyar wasa mai faɗin kusan santimita 51 da tsawon da ya ɗan haura mita ɗaya. Ƙwallon ƙarfe mai kaurin milimita 27 da nauyin kusan giram 80 ita ke yawo a kai, mai wasa kuma yana mayar da ita sama da mabugai biyu da ke ƙasan farfajiyar, irin mabugan da Gottlieb ya fara sanyawa a na'urarsa mai suna Humpty Dumpty a shekarar 1947.

Babu wani inji da ke dawo da ƙwallon wajen mai wasa. Abin da ke dawo da ita shi ne gangaren farfajiyar, wato yadda aka ɗaga bayan tebur ya fi gabansa tsawo, kuma saurin wasan gaba ɗaya a kan wannan ƴar karkata ya dogara. Shi ya sa idan masu sha'awar finbol na kwamfuta suka fara jayayya a kan ko wata manhaja ta yi kama da gaske, wuri na farko da suke nufa shi ne lambar gangare. Wani ya ce ƙwallon tana shawagi kamar babu nauyi a jikinta, a ƙara gangare. Wani ya ce tana faɗowa kamar an jefo ta, a rage. A ganina wannan jayayyar takan ɗora wa lamba ɗaya nauyin da ba nata ba ne, domin gangare ba ya da ma'ana sai an haɗa shi da yadda ƙwallo ke mirginawa, da ƙarfin mabugi, da girman tebur, da kusurwar da ido ke kallo.

Ya kamata a fara da abin da ke faruwa a na'urar zahiri. Tsofaffin na'urori na shekarun 1950 da 1960, waɗanda ke aiki da makunnai da kwayil (naɗin wayar da ke zama maganaɗisu idan wuta ta bi ta cikinsa) ba tare da ƙwaƙwalwar lantarki ba, ana saita su ne a kan gangare mai sauƙi, kusan digiri 3.5, kuma wasansu a natse yake. Da mabugai suka ƙara tsawo da ƙarfi, aka kuma fara ɗora gadojin hawa na roba da na waya a kan farfajiya, sai gangaren ya ƙaru, har digiri 6.5 ya zama ma'aunin da aka saba da shi a na'urorin Williams da Bally na shekarun 1990 da waɗanda suka biyo baya. Da yawa daga cikin waɗannan na'urori ma suna zuwa da ɗan ma'aunin daidaito mai kumfar iska a cikin ruwa, an kafe shi a gefen hanyar da ake harba ƙwallo, domin mai na'ura ya murɗa notin ƙafafun baya har kumfar ta tsaya inda ya dace. Masu gyara sun san cewa a kan katakon farfajiya ake aunawa, domin gilashin da ke sama yana da tasa karkatar daban. Tebur mai tsawon santimita 107 da aka saita a digiri 6.5, samansa ya ɗara ƙasansa da kusan santimita 12 ne kawai.

Sai dai ko a zahiri wannan lamba shawara ce ta kamfani. Mai shagon da ke son tsabar kuɗi su riƙa shiga da sauri yakan ƙara ɗaga ƙafafun baya domin wasa ya gajarce. Masu shirya gasa sukan yi haka su ma, su kuma buɗe hanyoyin gefe da ƙwallo ke zurarewa, domin kada gwani guda ya riƙe na'ura na tsawon sa'a. Wanda ya ajiye na'ura a gidansa yana iya rage gangaren saboda yara. Saboda haka idan mutum biyu suka ce sun san yadda wani tebur yake a zahiri, yana yiwuwa kowannensu yana tuna wata na'ura ce daban da aka saita daban, kuma duka biyun gaskiya suke faɗa.

Lissafin da ke ƙarƙashin lamarin ba shi da wuya. Abin da aka saki daga sama, ƙarfin janyowar ƙasa yana ƙara masa gudun kusan mita 9.8 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa. A kan gangaren digiri 6.5, kusan kashi 11 cikin ɗari ne kawai na wannan ƙarfi ke jan ƙwallo zuwa wajen mabugai, wato kusan 1.11 daga cikin 9.8 ɗin nan, yayin da ƙwallon ke danne katako da kusan dukkan nauyinta. A digiri 3.5 lambar takan sauka zuwa kusan 0.6, a digiri 7 kuma ta kai kusan 1.2. Ƙarin rabin digiri daga 6.5 zuwa 7 yana ƙara ƙarfin jan da kusan kashi 8 cikin ɗari, kuma gogaggen ɗan wasa yana jin wannan bambancin a yatsunsa cikin ƙwallo ɗaya ko biyu.

Inda batun ya fi zurfi shi ne bambancin zamewa da mirginawa. Ƙwallon da ke mirginawa ba ta samun dukkan wancan ƙarfi a matsayin gudu, domin wani kaso yana tafiya ne wajen juya jikinta. Ga dunƙulalliyar ƙwallo irin ta finbol, kashi biyar cikin bakwai ne ke zama gudun gaba, biyu cikin bakwai kuma su shige cikin juyi. Don haka a digiri 6.5 ainihin ƙaruwar gudunta kusan 0.79 ce. Idan aka sake ta daga tsaye, za ta ɗauki kusan daƙiƙa 1.6 kafin ta ci mita ɗaya, alhali abin da ke zamewa ba tare da juyi ko gogayya ba zai ci wannan tazara cikin kusan daƙiƙa 1.3. Manhajar da ta ɗauki ƙwallo a matsayin ɗigo mai zamewa, ko da an rubuta mata 6.5 daidai, za ta ba da saurin da ya yi daidai da tebur na zahiri da aka ɗaga zuwa kusan digiri 9. Idan kuma ana son irin wannan manhaja ta yi saurin teburin zahiri mai digiri 6.5, dole a rubuta mata kusan 4.6. Wannan ya nuna cewa mutum biyu suna iya rubuta lamba iri ɗaya a manhajoji biyu su samu wasa biyu mabambanta, kuma wanda ya rubuta lambar da ta saɓa wa littafin kamfani yana iya fin kusanci da gaskiya.

Tarihin manhajojin kansu ya bi wannan sawu. Tun a 1983 wasan kwamfuta mai suna Pinball Construction Set na Bill Budge ya bai wa mai wasa damar ƙara ko rage ƙarfin janyowar ƙasa da ƙarfin tsallen ƙwallo, amma a wancan lokaci ba wanda ke tsammanin kwamfutar Apple II za ta lissafa juyin ƙwallo. Jerin wasannin Pro Pinball na Birtaniya, waɗanda suka fito a rabin ƙarshe na shekarun 1990, sun yi fice saboda sun ɗauki motsin ƙwallo da muhimmanci. A shekarar 2000 Randy Davis ya fito da Visual Pinball, manhajar da kowa zai iya gina nasa tebur a cikinta, aka kuma haɗa ta da Visual PinMAME wadda ke gudanar da ainihin umarnin ƙwaƙwalwar na'urorin zahiri, ta yadda dokoki da sauti da lissafin maki suke fitowa yadda kamfani ya rubuta su. Future Pinball ta biyo baya a 2005. Dokokin wasa sun zama daidai tun da wuri, amma motsin ƙwallo ya daɗe yana baya, kuma masu gina tebura a tsofaffin nau'o'in Visual Pinball sun saba da murɗa gangare da ƙarfin jan ƙasa har sai ido ya gamsu. Da nau'i na goma ya fito a ƙarshen 2015 da sabon lissafi mai kula da juyi da gogayya, sai ya zamana lambobin da aka gada daga tsofaffin tebura ba su da amfani a sabon tsari, sai an sake saita komai daga tushe. A cikin wannan manhaja ma lambar gangare biyu ce, ɗaya ta mafi sauƙin wasa ɗaya ta mafi wuya, kuma matakin wahalar da mai wasa ya zaɓa shi ke tantance inda za a tsaya tsakaninsu, abin da mutane da yawa ba sa lura da shi idan suna kwatanta teburansu da na wasu.

Girman tebur ma yana shiga lissafin. A Visual Pinball ana auna komai da ma'aunin cikin gida wanda kaurin ƙwallo ke daidai da 50. Idan mai gini ya zana farfajiya ta fi yadda ya kamata girma idan aka kwatanta da ƙwallo, za ta ɗauki lokaci mai tsawo kafin ta ratsa ta, ido kuma zai karanta hakan a matsayin rashin nauyi. Ƙara gangare zai ɓoye alamar, amma tazarar da ke tsakanin mabugai da faɗin hanyoyi za su ci gaba da zama ba daidai ba.

Dangantakar gangare da ƙarfin mabugi ita ce ta fi jawo kuskure mai haifar da wani kuskure. Gangaren da ke saukar da ƙwallo shi ne kuma ke hana ta hawa. Ƙwallo mai mirginawa tana bukatar gudun kusan mita 1.26 a daƙiƙa kafin ta iya hawan mita ɗaya a digiri 6.5, ban da abin da gogayya ke cinyewa, idan kuma akwai gadar hawa a gabanta sai bukatar ta ƙaru sosai. Wanda ya ƙara gangare don maganin shawagi zai tarar ƙwallo ta daina kaiwa ƙarshen gada, sai ya ƙara wa mabugi ƙarfi. Da ya yi haka sai ƙwallo ta fara dawowa daga turakun roba da gudun da ya wuce misali, sai ya rage tsallen roba. Da ya rage tsallen roba sai dabarun da suka dogara da shi su mutu. Lamarin ya yi kama da maginin da ya kuskure gangaren magudanar ruwa tun daga farko, ya koma yana toshe nan yana fasa can, ruwa kuma yana ci gaba da kwanciya a wani sabon wuri. A na'urar zahiri mai tsara tebur ya gwada kowane bugu a kan katako da ainihin kwayil, don haka duk bugun da aka tanada yana yiwuwa a gangaren da aka tanada, kuma manhajar da ta kasa cika wannan sharaɗi tana da matsala a wani wuri daban.

A kusa da mabugai ne gwanaye ke gane manhajar da ta yi kama da gaske. Ɗan wasa na zahiri yana ɗaga mabugi ya riƙe ƙwallo a kusurwarsa har ta tsaya cak, yana barin ta ta faɗo kan mabugin da bai ɗaga ba ta yi tsalle ta tsallaka zuwa ɗayan, yana kuma sakin mabugi daidai lokacin da ta taɓa shi domin ya kashe mata gudu. Duk waɗannan suna faruwa ne a gudu kaɗan, inda ɗan bambancin gangare ke sauya tsawon tsalle da lokacin da ƙwallo ke ɗauka tana gangarowa a kan mabugi kafin a buga ta. Mabugin Williams na gargajiya yana da naɗin waya biyu a kwayil ɗinsa, ɗaya mai ƙarfi na bugu ɗaya mai rauni na riƙewa, da makunnin da ke sauya su idan mabugi ya kai ƙarshen tafiyarsa, shi ya sa ƙwallo mai gudu take iya ɗan danne mabugin da aka riƙe. Masu gina tebura na Visual Pinball sun ƙara wasu umarni na gyara, waɗanda aka fi sani da tsarin nFozzy, domin su daidaita kusurwa da gudun da ƙwallo ke barin mabugi da abin da aka lura da shi a na'urorin zahiri. Wannan aiki ne mai cin rai, kuma ina ganin ya fi duk wata jayayya a kan rabin digiri amfani.

Akwai misali a zahiri da ke nuna cewa jin sauri ba daga gangare kaɗai yake zuwa ba. Na'urar Twilight Zone ta Bally, wadda Pat Lawlor ya tsara ta fito a 1993, tana da farar ƙwallo ta tangaran wadda ta fi ta ƙarfe sauƙin nauyi, maganaɗisu kuma ba ya kama ta. Duk wanda ya buga ta ya san ta fi gudu da wuyar riƙewa. Amma bisa lissafi nauyin ƙwallo ba ya sauya saurin gangarowarta, domin mai nauyi da marar nauyi tare suke mirginowa a gangare ɗaya. Abin da ya sauya shi ne yadda mabugi da turaku masu harbi ke cilla ta. Tebur ɗaya ne, gangare ɗaya ne, amma wasan ya zama wani abu daban.

Sai kuma batun ido. A gaban na'urar zahiri mutum yana tsaye yana kallon farfajiya daga sama a karkace da idanu biyu, yana kuma motsa kansa. A kwamfuta kyamarar da ke cikin manhaja ce ke zaɓa masa kusurwa. Idan kyamarar ta yi ƙasa, sashen sama na tebur yakan matse ya zama ɗan ƙarami, ƙwallo ta yi kamar tana jan jiki a can, sannan ta yi kamar ta zabura da ta kusanto mabugai, alhali lissafin gudunta bai sauya ba. A Visual Pinball akwai lambar karkatar kyamara daban da lambar gangaren tebur, kuma sababbin shiga sukan rikita su, su sauya ɗaya suna tsammanin sakamakon ɗayar. Waɗanda ke gina akwatin finbol na kwamfuta, suna kwantar da babban allon talabijin a madadin farfajiya, suna fuskantar wata matsalar: tsawon farfajiyar zahiri ya ɗan haura ninki biyu na faɗinta, allon 16:9 kuwa bai kai haka ba, don haka dole a matse hoton ko a bar gefe babu komai. Karkatar da aka yi wa allon a cikin akwati ba ta taɓa lissafin ƙwallo ko kaɗan, amma tana taɓa abin da ƙwaƙwalwar mai wasa ke tsammani. Na'urar gani da ake ɗaurawa a fuska, wadda ke ba kowane ido hotonsa, tana dawo da zurfin da allo ya ɗauke, shi ya sa tebur ɗaya yake iya zama mai saurin fahimta a cikinta fiye da a kan allo.

Lokaci ma yana da nasa rabon. Ƙwallon da ke gudun mita 3 a daƙiƙa tana cin santimita 5 tsakanin hoto da hoto a allon da ke sabunta kansa sau 60 a daƙiƙa, wato kusan ninki biyu na kaurinta. Idan manhaja tana lissafin karo sau ɗaya ne kawai a kowane hoto, ƙwallo tana iya ratsa siririn bango ba tare da an lura ba, shi ya sa Visual Pinball na goma ke lissafin motsi sau 1,000 a daƙiƙa. Space Cadet kansa irin wannan ciwo na gane karo ne ya same shi lokacin da Microsoft ke mayar da Windows zuwa tsarin 64-bit, kamar yadda injiniyan kamfanin Raymond Chen ya bayyana, inda ƙwallo ta riƙa ratsa maharbinta tana faɗawa ƙasa. Jinkirin da ke tsakanin danna maɓalli da motsin mabugi a allo shi ma yana shiga cikin abin da ake ɗora wa gangare, domin wanda bugunsa ke makara yakan ji kamar ƙwallo ce ta yi sauri.

Wani abin da lambar gangare ba ta ɗauka shi ne rashin kamalar na'urar zahiri. Daɓen ɗaki ba ya zama daidai, don haka tebur yakan ɗan karkata hagu ko dama. Ƙura tana taruwa, kakin gogewa yana ƙarewa, roba tana taurarewa, kwayil kuma yana rage ƙarfi idan ya ɗauki zafi a dogon wasa. Teburin kwamfuta ba ya tsufa, kuma idan ramin da ke tofo ƙwallo yana aika ta wuri ɗaya kullum, ɗan wasa zai haddace hanyar ya riƙa maimaita ta. Wannan na cikin abin da ƴan wasa suka riƙa kokawa a kai game da The Pinball Arcade na FarSight Studios, wanda ya fito a 2012, cewa wasa yana tsawo fiye da yadda yake yi a zahiri. Da lasisin kwaikwayon teburan Williams da Bally a kwamfuta ya koma hannun Zen Studios na Budapest a 2018, kamfanin ya samar wa waɗannan tebura wani tsarin motsi mai tsanani tare da nasa mai sassauci, wanda hakan amincewa ce da cewa mai neman nishaɗi da mai neman horo ba abu ɗaya suke so ba. Visual Pinball kuwa yana da lambar warwatsi da ke ɗan sauya kusurwar tsalle a kowane karo. Tana taimakawa idan an sa kaɗan, idan kuma ta yi yawa sai bugun gwani ya zama sa'a, alhali hujjar da gwanin finbol Roger Sharpe ya kafa a gaban majalisar birnin New York a 1976, wadda ta kai ga ɗage haramcin da aka sanya wa finbol tun 1942, ita ce wasan na ƙwarewa ne.

Hanyar da na fi yarda da ita wajen saita tebur ita ce a kafe gangare a kan abin da littafin na'urar ya tanada, a tabbatar girman farfajiya da na ƙwallo sun dace da juna, sannan a gwada mirginawa kaɗai kafin a taɓa mabugi ko roba. Ana iya ɗaukar bidiyon na'urar zahiri da aka auna gangarenta, a saki ƙwallo daga wani sanannen wuri, a ƙirga hotuna har ta iso mabugi, sannan a yi haka a manhaja. A bidiyo mai hoto 60 a daƙiƙa, mita ɗaya a digiri 6.5 zai ɗauki kusan hoto 95, a digiri 7 kusan 92, manhajar da ke zamar da ƙwallo kuwa za ta ba da kusan 80. Idan bambancin da aka samu hoto biyu ne ko uku, ana iya zargin gangare. Idan ya kai goma sha biyar, sai a koma a duba juyi da gogayya da ma'aunin girman tebur, domin rabin digiri ba zai iya haifar da irin wannan giɓi ba.